Shafi na Biyar

"Ki ce musu na sauko," in ji Ilgiz Hamitovich. "Ki ce shafi na biyar yana nan, duk mai so ya zo ya kwafa. Ko sukarin shayi kada wani ya riƙo mini."

Sanobar tana tsaye a bakin gadonsa da kwanon romo, romon da ta san ƙarshenta tukunya zai koma. Ta ture wani tulin wayoyi da gwiwar hannu, ta ajiye kwanon a kan kujera.

"Ni zan shiga cikin maza a kasuwa in yi shela? Da girmana?"

"Wa gare ni in ba ke ba, maƙwabciya?" Tari ya turnuƙe shi har gadon yana motsi. Da numfashi ya dawo sai ya ƙura wa rufin ɗakin ido. "Na ji abin da likitar nan ta gaya miki a bakin ƙofa, kunnena bai mutu ba tukuna. Ni ba mutuwar ce ta dame ni ba. Kin ga yadda aka yi da tsohon nan na hawa na biyu? Motar hukuma ta zo, ma'aikata biyu suka naɗe shi a bargo, ɗayan ma da taba a bakinsa. Ba na so a fitar da ni haka. Kafaɗa huɗu nake nema, Sanobar-hon. Ke kuwa ko kina so ba za ki ɗauka ba."

Gaskiya ya faɗa. Mace ba ta ɗaukar makara, ba ta bin ta maƙabarta, iyakarta bakin ƙofa. Ga shi kaka ta shigo, an kwashe mazan benen kaf an kai su cirar auduga, daga ɗalibai har ma'aikatan ofis, ba a bar kowa ba sai tsofaffin mata da masu goyo. Ko da suna nan ɗin ma, benayen Chilanzar, wannan sabon sashe na birnin Tashkent, ba unguwa ba ce. Sai ka shekara kana goga kafaɗa da mutum a matakala ba ka san sunansa ba.

Ilgiz Hamitovich ɗan ƙabilar Tatar ne. Ya zo Tashkent bayan girgizar ƙasa don gyaran wayoyin tarho, gari ya miƙe, shi bai koma ba. Matarsa ta rasu ba su haihu ba. Ƙofarsa tana kallon ta Sanobar a hawa na huɗu, ita ma mijinta ya daɗe a ƙasa, 'ya'yanta mata biyu suna aure a Samarkand. Shekara da shekaru ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa, har ranar da ya ƙwanƙwasa mata, fuska ba alamar wasa, ya tambaye ta ko tana da jan farce. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi furfurarsa, ta ce Allah ya shirya. Ashe layuka yake zanawa da shi a kan allon tagulla, ya tsoma allon cikin wani ruwa mai wari, ruwan ya cinye duk inda jan farcen bai rufe ba. Farantin shinkafarta ma da ta ara masa ya zuba ruwan a ciki bai sake moruwa ba.

A shekarun nan duk namijin da ya iya narka dalma a garin ya kamu da ciwo ɗaya, wato haɗa kwamfuta da hannunsa. A kanti babu ita, ko da kuɗinka. Sai dai ka tsinto ƙananan kayanta ɗaya-ɗaya, ka liƙa su a allo, ka jona da talabijin ɗin gida matarka tana yi maka tsiya. Amma duk wannan sai da zane, takardun da ke nuna wace waya za ta bi ta ina, zanen kuwa ya fi nama wahalar samu. Injin kwafin takardu yana ofisoshin gwamnati a kulle, har da mai riƙon mabuɗinsa. Don haka in wani ya dace da zane, sai a manna shi a gilashin taga, a ɗora takarda mai shara-shara a kai, a bi layi-layi da fensir. Wannan ya kwafa daga wancan, wancan daga wani da bai taɓa gani ba.

Tsohon ya samo nasa ne daga wani abokin zaman soja da ke Leningrad. Ya aika masa akwatin busasshen inabi, aka aiko masa shafi biyar a naɗe cikin bututun kwali. Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari. Ɗakin da ko ƙuda ba ya leƙawa ya koma dandali, takalma a jere har bakin ƙofar Sanobar, sai ta tsallake su kafin ta sauka sayen madara. Shi kuwa gogan ya kafa dokarsa: shafi ɗaya a zuwa ɗaya, kuma kafin ka taɓa fensir sai ka sha koren shayi ka ji yadda aka ja waya ta kan duwatsu a zamanin da maza suke maza. Na ɗaya har na huɗu ya sake su da daɗin rai. Na biyar, wanda in babu shi injin gawa ne, kullum sai ya ce bai gama duba shi ba. Suna sauka suna kiransa marowaci, Sanobar tana jin su ta bayan ƙofa. Ita ta san ba rowa ba ce, tsoro ne. Ya san ranar da na biyar ya fita daga ɗakin nan, takalman za su bi bayansa.

Takalman dai sun tafi ba tare da na biyar ɗin ba. Tun bazara suka fara raguwa, kafin inabi ya nuna ko silifa babu. Ya ce fushi suke yi, za su huce.

Ranar Lahadi Sanobar ta ɗaura ɗankwalinta na fita, ta hau bas zuwa kasuwar gwanjo ta bayan tashar jirgi. Ta wuce masu tattabaru, ta wuce masu tsofaffin takalman soja, can jikin shinge ta tarar da su a tsaitsaye, kowa ya buɗe gefen kwat yana nuna wa ɗan'uwansa wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙafafu kamar ƙwari. Fuskokinsu ba ta riƙe ba, sai ta bi ƙasa da ido. Wani baƙin takalmi mai faci a baki ta gane, ta ɗaga kai ta ga mai shi, siriri ne da tabarau.

"Ɗana, ba kai ne mai zuwa wurin Ilgiz Hamitovich ba?"

"A'a, opa," in ji shi, wato yaya da yarensu, "ke ce yau a nan? Ina tsohon? Har yanzu yana kwance a kan ƙwansa?"

Sauran suka tuntsire da dariya. Ta bari suka gama.

"Ya ce ku zo ku kwafi na biyar. Ya yarda."

Mai tabarau ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi sama. Sai ya miƙa hannu ya karɓi wata 'yar takarda da wani ya naɗo soyayyun 'ya'yan kabewa a ciki, ya juye su a tafin mai su, ya warware ta a gabanta. Layuka ne birjik, irin waɗanda ta saba gani a tagar maƙwabcinta.

"Wannan, opa? Tun bazara wani ya zo da shi daga Novosibirsk. An ma daina yayinsa, yanzu mai launi ake haɗawa. Ki ce da shi ya jiƙa nasa ya sha."

Sanobar ta dubi takardar. Ta tuna yadda tsohon yake sa bututun kwalin nan a bayan matashinsa duk lokacin da likita za ta shigo.

"Mutuwa zai yi," in ji ta. "Ba shi da kowa. Masu ɗaukarsa yake nema."

Dariya ta ɗauke. Aka shiga Allah ya ba shi lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Wannan ya ce yau da yamma motar auduga za ta mayar da shi gona, satar jiki ya yi ya zo. Wancan ya ce shugabansa ba ya jin uzuri. Wani ya ce ta gaishe shi da kyau.

"In gaishe shi? Da kuke ɗirka masa shayi buta-buta ni kuka aika in sha muku?" in ji ta. "Ku ci gaba da buɗe kwat, Allah ya ba da kasuwa."

Tana tsaye a wurin jiran bas ta ji ana haki a bayanta. Wani ƙato ne mai kwantaccen gashi, hularsa a hannu. Ya ce sunansa Kudrat, shi ma yana cikin masu zuwa wurin tsohon, direban bas ne, shi ya sa auduga ba ta ɗauke shi ba.

"Opa, ran Talata ina tashi da azahar. Zan zo."

"In ka zo, ba ka taɓa ganin takardar nan ba. Ka ji ni?"

"Ƙarya za ki sa ni in yi wa mai jinya?"

"Alhakin a wuyana. Kai dai ka zo da fensirinka."

Da ta dawo ta tarar ya lallaɓa ya taje kansa. Bai bari ta cire takalmi ba.

"Suna zuwa?"

"Auduga ta kwashe yawancinsu. Direban nan zai fara zuwa, sauran daga baya."

"Sun yi murna?"

"Sun yi."

"Na gaya miki za su huce. Ki taimaka ki ɗauraye kofunan nan, sun yi ƙura. Duka, har na saman kabad."

Ta ɗauraye su duka, ta jera a faranti, tana yi tana share ido da gefen ɗankwali. Tausayinsa ya cika ta, da haushin kanta, da haushinsa shi ma da ya sa ta cikin wannan.

Kudrat ya cika alkawari. Ya shigo da sallama mai ƙarfi, ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu, ya sha shayi kofi uku, ya ji labarin wayar kan duwatsu daga farko har ƙarshe bai katse ba. Sannan Ilgiz Hamitovich ya zaro bututun daga bayan matashi, ya miƙa masa kamar mai ba da auren 'ya. Aka manna shafin a taga, rana ta hasko layukan. Sanobar ta tallafe tsohon da matasai don ya riƙa gani.

"Kai! Amaki, wannan ai sai a hankali," in ji Kudrat, yana kiransa baffa da yarensu, yana girgiza kai fiye da kima. "Dubi aiki! Ban taɓa ganin irinsa ba."

Sanobar ta harare shi. Mutumin nan ko yaro ba zai ruɗa ba.

"Fara daga hagu," in ji tsohon. "Kada ka danna fensir, za ka huda mini. A'a, wannan ta ƙarƙashi ta bi, buɗe idonka. Haka kake tuƙi?"

Muryarsa ta dawo irin ta da, har da tsawa. Ɗakin ya yi shiru sai ƙarar fensir a gilashi. Kudrat ya saki jiki, hannunsa ya kama gudu, ya gangaro kusurwar dama ta ƙasa, ya ja wani ɗan gajeren layi ya wuce.

"Tsaya," in ji tsohon. "Wannan layin daga ina?"

"Wanne, amaki?"

"Wanda ka ja yanzu. Ɗaga takardarka. Babu shi a nawa."

Kudrat ya ɗaga. Babu shi kuwa. Abin da ya faru shi ne, can wani wuri wani mai kwafi ya tsallake waya ɗaya, kuskuren ya bi takarda gari-gari. Da shafin ya shiga hannun jama'a sai aka taru aka gano, tun daga nan kowa yake ƙara layin ko ido a rufe. Hannun Kudrat ya saba, bai nemi shawararsa ba. Ya tsaya da fensir a sama, wuyansa ya yi ja, ya dubi Sanobar yana neman ceto, ita kuma ta dubi kofuna.

Tsohon ya juya daga tagar. Idonsa yana kan teburin da ke lungu, inda nasa injin yake ajiye an rufe shi da tawul. Shekara guda kenan da ya gama haɗa shi, bai taɓa ko motsawa ba.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara, amaki."

"Naka yana aiki?"

"Yana aiki."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Sanobar ta kai masa ruwa, ya kawar da kai.

"Shekara guda ina zagin hannuna, ina cewa tsufa ne. Da na ba ku, da kun gaya mini."

"Waya ɗaya ce, amaki. Bari in kunna ƙarfen dalmar nan, kafin shayi ya huce za ka ga rubutu a talabijin."

"Bar shi." Ya ɗaga yatsa ya juya shi a iska. "Juya in ga bayanka."

Kudrat ya juya, bai gane ba.

"Kafaɗa dai akwai," in ji tsohon. "Saura uku."

"Goma zan kawo, wallahi."

"Kada ka rantse, uku na ce. Ke kuma maƙwabciya, ba ki iya ƙarya ba, sai kika je kika samo wanda ya fi ki rashin iyawa." Ya lumshe ido. "Ƙarasa kwafin tunda ka fara. Ina son jin ƙarar fensirin."

Kudrat ya ƙarasa har layin ƙarshe, ya naɗe takardar da ba ya bukata, ya sa a aljihun gaba.

Ran Alhamis da hantsi ta shigo da romo, ta same shi ya juya fuskarsa wajen ƙofa, hannu ɗaya ya sauko daga gado. Ta kira sunansa sau biyu don dai ta cika hakki. Sannan ta ajiye kwanon, ta shafe idanunsa, ta ɗaure masa haɓa da farin ɗankwali, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Ba mijinta ba ne, ba ɗan'uwanta ba ne, amma shi kaɗai ne a duk benen yake gane tafiyarta a matakala.

Ta sauka ta buga waya tashar bas ta bar wa Kudrat saƙo. Daga nan ta wuce tsohon gari ta ɗauko Norboy-ota, tsohon da ya wanke mijinta, mutum mai ƙarancin magana wanda ba ya tambayar wane ne mamaci sai dai ina ruwan zafi. Shi ya aro makara a masallacin unguwarsu, ya samo mai babbar mota. Motar ta tsaya can bakin titi, mai ita yana gadinta, don an haƙe duk tsakanin benayen ana canza bututun ruwa, sai wata siririyar hanya aka bari ta masu ƙafa.

Bayan azahar Kudrat ya iso, rigarsa jiƙe da gumi. Mutum ɗaya ne a bayansa, mai tabarau ɗin nan na kasuwa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Opa, na zagaya gida-gida. Wasu suna gona, wasu suna wurin aiki, wani matarsa ta ce ba ya nan alhali ga takalminsa. Ki yafe mini."

"Ba ni za ka roƙa ba," in ji ta, amma ba da faɗa ba.

Suka sauko da shi a hankali, suna juya makarar a kowace kwana ta matakala. A tsakar benayen Norboy-ota ya shige gaba, su biyu suka tsaya a bayansa, aka yi masa salla. Tagogi suka buɗe, tsofaffin mata suka leƙo, wasu suka shafa addu'a, wasu suka mayar da labule. Sanobar ta tsaya a bakin ƙofar bene, nan ne iyakarta.

"A jira ko wani zai ɓullo?" in ji mai tabarau.

"Gawa ba ta jira," in ji Norboy-ota. "Ku ɗauka."

Shi da mai tabarau suka ɗauki gaba. Kudrat ya saɓa sandar baya ta dama a kafaɗa, ya miƙa hannu ya tallafo ta hagu, amma hannu ba kafaɗa ba ne. Makarar ta karkace, suka tsaya, ya gyara, suka ci gaba, ta sake karkacewa. Sanobar tana kallon kusurwar nan da ba kowa a ƙarƙashinta tana lilo a iska, zuciyarta tana ƙuna. Abin da mutumin nan ya roƙa a duniya bai taka kara ya karya ba, shi ma an kasa cika masa.

Sun kai tsakiyar hanyar kenan sai ga wani mutum ya taho daga wajen titi, cikin kayan aiki masu ɗigon fenti, riƙe da jakar raga, kankana a ciki da gurasa biyu. Ba ɗan benen ba ne, Sanobar ba ta taɓa ganinsa ba. Ya ja gefe don ya ba su hanya. Sai ya dubi makarar, ya dubi Kudrat. Ya ajiye jakar a kan dakalin bakin rami, ya goge tafukansa a wando, ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin sandar hagu. Makarar ta miƙe sambal. Su huɗu suka daidaita ƙafa, suka bi gefen tulin ƙasa, suka sha kwanar bene na gaba, farin mayafin ya ɓace mata.

Kankanar ta ɗan mirgina a cikin jakar, ta turo gurasa ɗaya waje, ta faɗi a kife. Sanobar ta tako daga bakin ƙofar, ta bi siririyar hanyar har wurin. Ta ɗauki gurasar, ta hure ƙasar da ke jikinta, ta kai ta goshi kamar yadda ake girmama gurasa a garin, ta mayar. Ta zauna a kan dakalin, ta ɗora jakar baƙon a cinyarta tana jiran ya dawo. Gurasar da sauran ɗuminta.